Harajin Tsaro: Wa Ake Tambaya, Wa Yake Biya?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a zaman karatu na 'yan'uwa ɗalibai, inda aka nemi ya yi bayani a kan yadda wasu biranen Amurka suke ɗora wa kansu haraji ta hanyar ƙuri'a don ɗaukar nauyin 'yan sandansu. Mun rubuto muku shi kamar yadda aka naɗa. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S), da alayensa tsarkaka da sahabbansa zaɓaɓɓu. 

To, na san da jin wannan maudu'i wani zai ce a ransa, mu ina ruwanmu da Amurka da 'yan sandanta? Ƙasar da mun san abin da ta yi wa raunanan duniya, yau kuma ita za a zauna a karanta? Na'am. Sanin yadda abu yake gudana a gidan wani ba yabon mai gidan ba ne. Kuma za ku ga a cikin bayanin akwai abin da za a ɗauka, akwai kuma abin da za a yi Allah wadai da shi.

Da farko ku sani cewa a Amurka babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya wadda wani Sufeto Janar yake zaune a babban birni yana juya ta. Hukumomin 'yan sanda a ƙasar sun kai kimanin 18,000. Birni yana da nasa, gunduma tana da nata, jiha tana da nata. Shi ɗan sandan birni, albashinsa da motarsa da man motar, mafi yawa daga aljihun mutanen birnin suke fitowa: harajin gida da fili, da harajin da ake ɗorawa a kan duk abin da ka saya a kanti. Ke nan in gari ya talauce, 'yan sandansa ma sun talauce.

To, ina ƙuri'a ta shigo? A jihar Kalifoniya, a watan Yuni na 1978, mutane suka gaji da hauhawar harajin gidaje, suka jefa ƙuri'a suka zartar da abin da ake kira Ƙuduri na 13. Suka ce harajin gida kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan. Suka kuma ce duk harajin da ƙaramar hukuma za ta ƙirƙira don wani aiki na musamman, sai kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a sun yarda. A shekara guda kuɗin da ake samu daga harajin gidaje ya ragu da fiye da rabi. A 1996 suka ƙara ɗaurewa da Ƙuduri na 218, ya zama ko harajin gama-gari ne sai an kai shi gaban jama'a. Jihar Misuri ta yi irin nata a 1980, Kolorado a 1992. Wato magajin gari da kansilolinsa ba za su kwana su tashi su ce daga gobe kowa zai biya kaza ba. Dole a rubuta a takardar zaɓe: nawa ne, shekara nawa za a yi ana karɓa, me za a yi da shi. Ka ce e, ko ka ce a'a.

Bari mu ɗauki birni guda mu bi shi, don abin ya fito sosai. Okland, a Kalifoniya, birni ne mai mutane sama da 400,000, wanda ya daɗe yana fama da kashe-kashe. A watan Nuwamba na 2004 aka kawo wa mutanensa wani ƙuduri da aka yi wa laƙabi da harafin Y. Aka ce kowane gida na iyali guda zai biya dala 88 a shekara, kuma za a ƙara kashi 8.5 cikin ɗari a kan kuɗin ajiye mota a filayen 'yan kasuwa, har shekara goma. Da kuɗin za a ɗauki sababbin 'yan sanda 63 masu kula da unguwanni, a ba 'yan kwana-kwana wani kaso, wani kason kuma a kashe wajen janye matasa daga ta'addanci tun kafin su kai ga ɗaukar bindiga. Amma ku saurari sharaɗin, don shi ne ƙashin bayan maganar. Aka rubuta cewa ba za a karɓi wannan haraji ba sai in hukumar birnin ta ware kuɗin 'yan sanda 739 daga asusunta na yau da kullum. Me ya sa? Don kada a karɓi sabon kuɗi ta ƙofa, a zare tsohon ta taga.

Kuma ba banza suka ji tsoron haka ba, ruwa ba ya tsami banza. A 1993 an kawo wa duk jihar Ƙuduri na 172, rabin santi a kan kowace dala ta ciniki, aka ce na tsaron jama'a ne. Aka yi zaɓen a daidai lokacin da gobarar daji take cin gidaje a kudancin jihar, mutane suna kallon 'yan kwana-kwana a talabijin, suka amince. Alhali kafin nan gwamnatin jihar ta riga ta kwashe biliyoyin dala na harajin gidaje daga hannun ƙananan hukumomi ta kai ɓangaren makarantu don ta rage wa kanta nauyi. Saboda haka sabon harajin, mafi yawansa rami ya je ya cike. Mutum yana zaton ya sayi ƙarin tsaro, ashe giɓin da wani ya haƙa ya biya.

Mu koma Okland. Tattalin arziki ya karye a 2008. A watan Yuli na 2010 birnin ya sallami 'yan sanda 80. Shugaban 'yan sandan ya fito ya lissafa laifuka 44, har da fasa gida da sata, ya ce daga yanzu ba za a turo ɗan sanda a kansu ba, sai dai mutum ya shigar da ƙara ta intanet. Tunda kuwa adadi ya faɗi ƙasa da wanda aka yi alkawari, sai hukuma ta rasa ikon karɓar harajin. Kun ga amfanin sharaɗi? Sai da suka dawo gaban jama'a a watan Nuwamba suna roƙo. Suka kawo buƙata biyu: a ɗage mana sharaɗin nan, kuma a ƙara mana sabon haraji na dala 360 a kan kowane gida. Mutane suka ce na farko mun yarda, na biyu ba mu yarda ba. A 2014 aka sabunta harajin. A Nuwamban 2024 aka sake sabunta shi, ya koma dala 198 a kan gida, da sharaɗin 'yan sanda 700, da kwamitin sa ido da binciken kuɗi. Kuma a wannan ranar, a wannan takardar zaɓen, mutanen suka tsige magajiyar garinsu. Wato sun ce kuɗin tsaro za mu bayar, amma ke ba ke za ki riƙe mana ba.

To, in mutane suka ce a'a gaba ɗaya fa? Wannan ma an gani. A jihar Oregon akwai wata gunduma mai suna Josefin. Mafi yawan ƙasarta dajin gwamnatin tarayya ne, ba a biyan harajin fili a kansa, sai dai ana ba gundumar kaso daga cinikin katako. Shekara da shekaru da wannan suke rayuwa, har harajinsu ya zama mafi ƙanƙanta a jihar, santi 58 a kan kowace dala 1,000 ta darajar gida. Da saran itace ya ja baya, tallafin da aka maye gurbinsa da shi kuma ya ƙafe, sai aka zo musu a watan Mayu na 2012 aka ce ku ƙara haraji don tsaro. Suka ƙi. Shugaban 'yan sandan gunduma, wanda suke kira sherif (ba sharifi irin namu ba, muƙami ne da ake zaɓa), ya sallami mafi yawan ma'aikatansa, ya buɗe kurkuku ya saki fursunoni, sintiri ya koma awa takwas a rana, Litinin zuwa Juma'a. Ofishinsa har sanarwa ya fitar yana ba matan da suke fuskantar barazana shawarar su duba yiwuwar ƙaura zuwa inda akwai 'yan sanda.

A watan Agusta na wannan shekarar, ranar wata Asabar da asuba, wata mata ta buga lambar gaggawa. Wani mutum da ya taɓa yi mata dukan da ya kai ta asibiti yana ƙoƙarin ɓalle mata ƙofa. Aka ce mata babu wanda za a turo. Har aka tambaye ta ko za ta iya ce masa ya tafi. Ta yi kusan minti goma a kan waya. Ya ɓalle ƙofar ya shiga, ya shaƙe ta, ya ci zarafinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan a Amurka ne fa, ba a wani ƙauyen da ba hanyar mota ba. Duk da haka sai da aka yi ta kawo ƙudurin ana kayar da shi, har zuwa 2017 kafin su amince. Alhali a cikin gundumar akwai birnin Grants Pass, wanda mutanensa suka saba sabunta harajin 'yan sandansu, su in sun buga waya ana zuwa. Tazarar 'yan kilomitoci ce tsakanin wanda za a je wa da wanda ba za a je wa ba.

Su waɗanda suka ƙi ɗin, kada ku ɗauka duk marowata ne. Da yawansu tsofaffi ne masu cin fansho da talakawan da masana'antar katako ta mutu ta bar su, wasu kuma cewa suke ba su amince da masu riƙe asusun ba. Sai dai ƙin nasu, wanda ya fi kowa rauni ne ya biya shi. Mai hali ya sayi bindiga ya sa kyamara, ita matar nan fa?

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce mafi muni. Ita ce a ƙi tambayarka, a karɓa ta bayan gida. Kun tuna Faguson, a jihar Misuri, inda ɗan sanda ya harbe matashin nan baƙar fata Michael Brown a ranar 9 ga Agusta, 2014? Gari ne mai mutane kimanin 21,000. Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta yi bincike ta fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Me aka gano? A Misuri ƙara haraji sai da ƙuri'a, amma tara ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa. Sai hukumar garin ta mai da 'yan sandanta masu karɓar kuɗin shiga. Jami'in kuɗi yana rubuta wa shugaban 'yan sanda cewa a ƙara yawan takardun tara, in ba haka ba kasafi ba zai cika ba. A 2010 tara da kuɗin kotu sun kawo dala miliyan 1.38. A kasafin 2015 an sa ran dala miliyan 3.09, daga cikin miliyan 13.26, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2013 kaɗai kotun garin ta ba da takardar kama mutane sama da 9,000. Baƙar fata su ne kashi 67 cikin ɗari na mazauna garin, amma su ne kashi 93 na waɗanda aka kama. Akwai matar da ta ajiye mota ba daidai ba a 2007, aka ci ta tarar dala 151. Ba ta da shi. Aka yi ta ɗora mata, aka kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare. Bayan shekara bakwai ta biya dala 550, kuma wai ana bin ta 541.

Wannan haraji ne, 'yan'uwa, ko da an kira shi tara. Haraji ne da aka ɗora wa wanda ba shi da lauya. Kuma duk ranar da abincin ɗan sanda ya zama yana fitowa daga laifinka, to ba zai so ka daina laifi ba. In ba ka yi ba ma zai nemo maka. Ba sai na ce muku kun san irin wannan a kan hanyoyinmu ba.

To, ke nan ƙuri'a ta warware matsala? A'a. Ƙuri'a ba ta mai da zalunci adalci. Ku duba harajin ciniki, wanda birane da yawa suka fi so saboda ya fi saurin wucewa a zaɓe. Mai shara da mai banki, in suka sayi takalmi iri ɗaya, haraji ɗaya za su biya. Amma mai shara duk abin da ya samu a wata a kanti yake ƙarewa, shi kuwa mai banki ɗan kaɗan yake kashewa ya adana saura. Ke nan a lissafin abin da kowa yake samu, talaka ya fi biya. Haka harajin Okland yadda aka amince da shi a 2024: dala 198 a kan ɗan ƙaramin gida, dala 198 a kan katafaren gidan da yake kan tudu. Sannan unguwar masu kuɗi da take da hukumarta daban tana iya saya wa kanta tsaro mai kyau da haraji kaɗan, garin talakawa kuwa ya matse kansa ya samu rabin haka. Sannan masu rinjaye suna iya jefa ƙuri'a su biya kuɗin rundunar da za ta je ta taka marasa rinjaye. Duk wannan yana faruwa.

Mu a wurinmu ma'auni yana nan tun tuni. Malamai sun tattauna ko ya halatta shugaba ya ɗora wa jama'a wani abu bayan zakka don tsaro. Imam Gazali ya yi magana a kai. Imam Shaɗibi na Andalus, malamin Malikiyya, ya yi magana a kai a cikin Al-I'itisam. Sun halatta, amma da sharuɗɗa masu tsauri: shugaban ya zama adali, baitulmali ya zama ba komai a ciki, buƙatar ta zama ta gaske, a karɓa daga masu wadata gwargwadon buƙata, in buƙata ta wuce a daina. Kun ga akwai wa'adi a ciki. Su Amurkawa da suke rubuta shekara tara ko goma a ƙudurinsu, ba su suka fara ba.

Kuma an yi shi a aikace. Bayan Tattar sun rusa Bagadaza a 1258, suka nufo Sham da Masar. Sarki Ƙuɗuz ya tara malamai yana son a ba shi fatawar karɓar kuɗi daga jama'a don shirya runduna. Wace buƙata ta fi wannan? Maƙiyi yana bakin ƙofa. Amma Shaikh Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce ba za a taɓa dukiyar talakawa ba sai baitulmali ya ƙare, kuma sai sarakunan yaƙi sun fito da ɗamarunsu na zinare da kayan alatunsu sun sayar, kowannensu ya rage daga shi sai dokinsa da makaminsa, ya zama daidai da kowa. Bayan nan ne za a juyo kan jama'a. Da wannan rundunar aka je Ainu Jalut a Ramadan na 658 bayan Hijira, wato 1260, Allah ya ba da nasara. To wannan sharaɗin, na a fara da aljihun masu mulki, ba za ku same shi a takardar zaɓen Okland ba. Kafin nan kuma, a wasiƙar da Imam Ali (AS) ya rubuta wa Malik Ashtar da ya naɗa shi gwamnan Masar, ya nuna masa cewa runduna ba ta tsayuwa sai da haraji, amma ya umurce shi ya fi damuwa da raya ƙasa a kan tara harajin, don wanda ya nemi haraji ba tare da raya ƙasa ba rusa ta zai yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, a Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da ya lissafa na mulkin zalunci akwai jangali da kuɗin gari da gaisuwa da ake karɓa ba bisa shari'a ba.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne batun 'yan sandan jihohi. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 runduna ɗaya ya kafa wa Nijeriya. A watan Fabrairu na 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka zauna suka amince a duba kafa na jihohi. Kafin nan jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaronta a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da askarawanta a farkon 2024. Ana ta muhawara a kan wa zai ba su umurni, wace irin bindiga za su riƙe. Amma ba kasafai za ka ji an ce da wane kuɗi ba. Mu kuwa mun taɓa yin 'yan sandan gida. Dattawa suna nan da ransu, ku tambaye su 'yan doka da dogaran En'e. Da haraji da jangali ake biyansu, kuma su ake turowa su kama wanda bai biya harajin ba, su ne kuma suka yi ta jan 'yan NEPU zuwa gaban alƙali. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe su da 'yan sandan tarayya. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi ta murna. Ba wanda ya taɓa tambayarsu, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu lissafi.

Yau ɗin ma ai muna biya. Ana cire wa gwamna abin da ake kira kuɗin tsaro, ba a gaya wa kowa yadda aka kashe. Direba yana biya a shingen hanya. A ƙauyukan Zamfara da Sakkwato 'yan bindiga suna yanka wa gari miliyoyi kafin a yi shuka ko a yi girbi. A unguwa kuma ana bi gida-gida ƙarshen wata ana karɓar kuɗin 'yan sintiri. A cikin duka waɗannan, na ƙarshen ne kaɗai aka zauna da kai aka ce ka yarda? Kuma shi kaɗai ne yake hannunmu a yanzu.

Saboda haka ga aikin da zan ba ku. Kowa ya koma unguwarsu ya bincika. Nawa ake karɓa a kowane gida? Wa ya yanke, a gaban wa? Gidan bazawara mai marayu da gidan mai manyan motoci, kuɗi ɗaya suke biya? Wa yake riƙe littafin, yaushe aka karanta shi a bainar jama'a? 'Yan sintiri nawa aka ce za a ɗauka, nawa ne suke fitowa da dare? In sun kama yaro, ina suke kai shi, kuma suna cin tara su sa a aljihu? In babu wa'adi, ku nemi a sa: shekara guda, a dawo a sake zama, wanda ya riƙe kuɗi ya kawo lissafi kafin a sabunta. Wanda ya samu amsoshin ya rubuto su a takarda, ya zo mana da ita zama mai zuwa in Allah ya kai mu, mu duba tare.